Fuskar Maigidana a Wayar Kowa

Asabar, 13 ga Satumba

Yau sun gama ɗaukar fim ɗin nan, alhamdulillahi. Maigida ya dawo da riga jage-jage da jan abu, ƙudaje na bin sa har ƙofar ɗaki. Ruwan sikari ne da kala. 'Yarmu, 'Yar Baba, ta lakato ta lasa, ta ce jinin Baba da zaƙi. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Wai shi ne makashin, mai bin mata ɗaya bayan ɗaya da wuƙa. Mutumin da ko kaza sai na kai wa maƙwabci ya yanka mana! Ɗan maƙwabcin ne ma ya shirya fim ɗin, wanda yanzu ba ya amsawa sai an ce masa Darakta. Kyamarar aro, fitila, da tsohon garejin wani kawunsa, shi ke nan kayan aikin. Da abin rufe fuska na roba za a yi, zafin fitila ya narkar da shi tun ran farko. Darakta ya ce, "Kawu, bar shi, fuskarka ma ta isa." Shi kuma ya ɗauka yabo ne. Tun yana yaro yake son wasan kwaikwayo. Shekara da shekaru yana tuƙa motar 'yan makaranta, ba wanda ya taɓa tambayarsa sai yanzu.

Juma'a, 3 ga Oktoba

An sa fim ɗin a intanet. Maigida ya kira duk danginsa ya faɗa musu. Ni ban kalla ba, ba na son jini ko na ƙarya ne.

Alhamis, 9 ga Oktoba

An kashe wata mata a bayan kasuwa. Ba a kama kowa ba. A shagonmu na ɗinki yau ba zancen da aka yi sai nata. Allah ya jiƙanta.

Litinin, 13 ga Oktoba



Da hantsi mai keken ɗinkin da ke kusa da nawa ta miƙo min wayarta. Maigida ne. Yana jan wata mata a ƙasa cikin gareji, ya ɗago ya kalli kyamara. Wani ne ya yanko wurin daga fim ɗin, ya dusashe hoton, ya rubuta a ƙasa wai ga wanda ake nema, direban yara ne, a yaɗa saboda Allah.

Na ce fim ne. Ta ce ta sani. Na juya na faɗa wa sauran, duk suka ce sun sani, amma kowa idonsa na kan allura. Kafin azahar abin ya shigo wayata daga wurare daban-daban, har daga matar ƙanena, da tambayar "Anti, ba Baban 'Yar Baba ba ne?"

Wa zan bi in yi wa bayani? Ta ina zan fara?

Talata, 14 ga Oktoba

Shugabar makaranta ta karɓi makullin mota. Ta ce masa, "Mu mun san ka, iyaye ne suka tada hankali. Ka huta zuwa abin ya lafa." Ya ce ya so ya yi sallama da yaran, aka ce gara kar.

Ya dawo ya zauna a kan tabarma da takalmi a ƙafarsa.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na je wurin Darakta. Na same shi yana ta washe baki, wai masu kallon fim ɗin sun ninka. Da ya ga fuskata ya gyara tasa. Ya kira yarinyar da aka "kashe", ta yi magana a kyamara, ga ni da raina, wasa ne. Ya sa a intanet a gabana. Ya ce, "Anti, kwantar da hankalinki, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya."

Wannan dai ta yi 'ya'ya, har sun nuna.

Na duba da yamma. Bayanin yarinyar ba wanda ya tura wa kowa. Mutum mai rai ba labari ba ne.

Asabar, 18 ga Oktoba

'Yan sanda sun kira Maigida, na bi shi. Ba su wulaƙanta shi ba, gaskiya. Sun tambayi inda yake ranar da aka kashe matar, suka kalli fim ɗin, har wani ya yi dariya da aka nuna gawa tana numfashi. Suka ce ya tafi, ba shi da laifi.

Muna fitowa wani ya ɗauke shi hoto a bakin ƙofa. Kafin mu iso gida hoton ya riga mu. "An kama shi."

Talata, 21 ga Oktoba

'Yar Baba ta dawo daga makaranta ba ta cire jaka ba. Ta ce ba wanda ya yarda ya zauna a bencinta. Can ta ce, "Mama, matar ta tashi daga baya ko?" Na ce ta tashi mana, ta ci abinci ma, ta hau mota ta tafi gida. Ta ce to me ya sa Baba ya ja ta a ƙasa.

Yana ɗaki, labule kawai ke tsakaninmu. Na jira ya fito ya amsa. Bai fito ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Ya aske gemunsa. Ya zama kamar baƙo, kuma duk da haka mai kanti ya gane shi, ya ajiye masa burodi a kan tebur don kar hannunsu ya haɗu.

Yayata ta kira. "Ki taho da yarinyar ku kwana biyu a nan." Na ce don me? Ta ce, "Ni ban ce ya yi wani abu ba. Amma ke ma kin san ba a iya wa mutum. Wanda ba abin a ransa, yaya zai iya yin wannan kallon?" Na kashe wayar a kunnenta. Ban taɓa yi mata haka ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na kalla. Lokacin cin abinci, a bayan shago, don in san abin da nake karewa.

Fim ɗin ba shi da kyau ko kaɗan. Ana ganin inuwar mai riƙe fitila, wuƙar tana lanƙwasa. Har na fara murmushi. Sai aka zo wani wuri da ya durƙusa gaban matar, ya gyara mata mayafi, ya ce a hankali, "Kar ki ji tsoro, yanzu za a gama." Da wannan muryar yake lallashin 'Yar Baba in za a yi mata allura. Ita ce sak, har yadda yake karkatar da kai.

Da na koma gida na tambayi Maigida ko Darakta ne ya rubuta masa maganar. Ya ce a'a, haka kawai ya zo masa. Fuskarsa ta yi haske, rabon da in ga haka tun kafin a karɓi makulli. Ya ce, "Wurin ya yi kyau ko?"

Na ce ya yi.

Laraba, 5 ga Nuwamba

An kama wanda ya kashe matar, ya amsa da bakinsa. A rediyo na ji. Ba wanda ya turo min wannan. Makaranta sun ce a bari sai zango mai zuwa, su ga yadda iyaye za su yi.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ran Asabar a gida nake barin 'Yar Baba wurinsa, tun tana goyo. Yau na sa mata takalmi na ce ta zo mu je shago. Ya fito da sifana a hannu, ya ce, "Bar ta mana, mun yi da ita yau za mu gyara kekenta." Na ce ta daɗe ba ta fita ba, ta sha iska. Gaskiya ne ai, ta daɗe.

Ya kalle ni. Ba wani kallo ba ne, nasa ne na kullum. Ni ce na sunkuya ina gyara mata igiyar takalmin da na riga na ɗaure.

Ya ce, "To. Ku dawo lafiya."

Ta yini tana gundura a cikin ƙyallaye, tana tambaya yaushe za mu tafi. Da muka dawo keken na jingine a tsakar gida, ya gyara shi, har ya wanke. Ya dafa mana abinci ya rufe. Ƙofarsa a saye.

Ba komai ba ne. Iska kawai ta sha.

Asabar mai zuwa zan bar masa ita. Ina jin zan bar ta.