Bagaruwar da Na Zuba a Rubutun Ɗana

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, ya Malam Edita, da masu karanta wannan shafi, da waɗanda ake karanta wa a zaure. Da ajami na rubuta takardar nan domin ban yi boko ba. Wanda zai juya ta, don Allah ya juya ta yadda take, kada ya rage mini munina. Ku sakaya sunana. Kuma ina roƙonku da girman Allah ku kai ƙarshe kafin ku tofa mini yawu, ko da yake na san na cancanta.

Ni mutumin Tambuwal ne. Sana'ata kwafar littattafai, da damina kuma in taɓa noman gero. Tun ina ƙarami Allah ya jarrabe ni da ƙyama, ƙuda ya faɗa fura sai in ture ƙwaryar. Ina da ɗa guda, shekararsa shida. Yana da uku zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya tashi ƙafar hagu da hannun hagu suka saki, abin nan da ake kira shan inna. Yana tafiya da jan ƙafa, amma tsuguno ya gagare shi. To wanda bai iya tsuguno ba, yaya zai yi da bakin masai? Sau ɗaya ƙafarsa ta zurma ramin, tun ranar ko zanan bayan gida ya hango sai ya ƙanƙame uwarsa. Ya zamana a wando yake yi, a tabarma, a bakin murhu. Rannan a kan buzun sallata. Wallahi har yanzu in na tuna ɗumin abin nan a tafin ƙafata, da warin da ya bi ni har masallaci, sai in tofar da yawu. Na wanke buzun sau bakwai, daga ƙarshe na jefar da shi.

Ɗan fari ne, kun san al'adarmu. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa, ba na cin abinci kusa da shi. Mutane suna cewa, "Kai, Malam akwai kunya!" Ni kuwa na san ba kunya ba ce, ƙyama ce na lulluɓe da rigar kunya.

Uwarsa ce ba ta gaji ba. Ta goya shi zuwa ɗakin magani na En'e, malamin asibitin ya duba shi ya ce wannan ba na ƙwaya ba ne, na horo ne. Ya haɗa ta da wata tsohuwa mai tausa, zan kira ta Gwaggo, wadda yara masu irin wannan lalura suke miƙewa a hannunta. Su biyu suka tsara abin. Masassaƙi ya sassaƙa 'yar kujera mai huda a tsaka, aka sa kasko da toka a ƙarƙashi, aka kafa turke a gaba yaron ya riƙa kamawa. Kullum da hantsi Gwaggo ta zo ta gasa masa ƙafa da ruwan ɗumi, ta murza da man shanu, ta sa shi ya tashi ya zauna yana riƙe da turken. Hannun hagu kuwa, tunda da shi ake tsarki, sai ta ba shi yumɓu ya yi ta murtsukewa, ko tsumma jiƙaƙƙe ya matse. Zama kan kujera sau uku, bayan kokon safe, bayan azahar, bayan tuwo, ko ya ji ko bai ji ba. Ruwa da yawa, miyar kuka da kuɓewa kullum. Cikin wata fuɗu yaron nan ya fara cewa da bakinsa, "Inna, kujera." Uwarsa har guɗa ta yi ran farko.

Ana cikin haka aka aiko daga Kebbe cewa surukata tana kwance rai a hannun Allah. Damina ce, tafiyar jaki ce, Gwaggo ta ce kada a ɗaga yaron daga kujerarsa yanzu da ya fara sabawa. Maiɗakina ta durƙusa ta ce, "Malam, kwana goma ne. Maƙwabta za su aiko da tuwo. Kai dai ka aza shi bisa kujera, ka zubar da kasko." Na ce, "Tafi abinki, mi ne ne a ciki?" Da ta tafi gulbi ya cika ya datse hanya, kwana goma ya zama wata biyu.

Kwana biyu na yi ina ɗaukar kaskon nan, na naɗe hanci da rawani, ina kelaya amai a bayan rumbu. In wanke hannu da toka, in wanke da sabulun salo, in zauna kan takarda, sai in ji kamar warin yana cikin tawada. Hannun da ke rubuta sunan Allah ne zai riƙa kwasar wannan? Haka Shaiɗan ya raɗa mini, ni kuwa na ɗauka taƙawa ce. Sai na ce a raina, abin da bai shiga ba ai ba zai fita ba. Na rage masa ruwa. Miyar da maƙwabta suka aiko in juye wa awaki, in ba shi ƙanzo da ƙuli-ƙuli. Kuma na san bagaruwa tana ɗaure ciki, mu da muke ba masu zawo. Na jiƙa ta, yaron ya ɗanɗana ya tofar. Kun san abin da na yi? Na ɗauko allo na rubuta ayoyin waraka, na wanke a cikin jiƙon, na ce, "Sha, rubutu na, ba a tofar da rubutu." Ya runtse ido ya shanye, ya shafa sauran a fuska yadda ya ga manya suna yi. Inna lillahi. Da maganar Allah na yi wa ɗana dabara don kada in ɗauki kasko.

Kwana biyar gida tsaf, har ina jin daɗi. A na shida cikinsa ya yi tauri kamar goran duma. Ya hau kujera ya yi ta nishi yana ihu, abin da ya fito kamar tsakuwa, da jini. Daga ranar ya tsani kujerar kamar yadda ya tsani masai. Daga baya kuma wani ruwa-ruwa mai ɗoyi ya riƙa zubo masa a wando bai ma sani ba, ya fi na da muni sau goma. Ni kuwa maimakon in tuba sai na ƙara bagaruwa, wai in tsayar da shi.

Gwaggo ta taɓa cikin yaron, ta ɗago kai ta ce, "Malam, mi yaron ga ka ci?" Na ce, "Abin da kowa ka ci." Ta ce, "Shina shan ruwa?" Na ce, "Ƙwarai." Sai ta ce, "Shekara talatin nika wanga aiki, hannuna bai taɓa yi min ƙarya ba. Amma kai malami na, ba ni ƙaryata ka."

Da maiɗakina ta dawo ta ishe ɗanta a rame, ciki a kumbure, yana wari, sai ta fasa kuka. Ta tambaye ni, na ce ni dai tausa na ga ana yi. Kalmar da na faɗa ke nan, ita ta kashe wa tsohuwar nan sana'a. Da Gwaggo ta zo da hantsi, maiɗakina ta tare ta a ƙofa tana cewa, "Kin murɗe wa ɗiyana hanji! Na bar miki amana kin mai da shi gawa!" Gwaggo ta leƙo zaure inda nake zaune da alƙalami a hannu, tana jiran in yi magana. Na dulmiya alƙalamin a tawada na ci gaba da rubutu. Ta ɗauki 'yar ƙwaryar man shanunta ta tafi. Maiɗakina ta faskara kujerar ta sa a murhu. Magana ta bazu a unguwa, yanzu mata sun janye 'ya'yansu daga hannun tsohuwar, har da wata yarinya da ta fara takawa.

Na daina ba shi bagaruwa, amma ɓarnar ta zauna. Yanzu dangin uwarsa sun yanke cewa iskar masai ce ta shige shi, da an gama yankan gero za a kai shi Fakku wurin wani wanzami ya yi masa lalas da ƙarfe mai zafi a ciki. Gero kuwa ya nuna. Na san in na je wurin malamin asibiti na faɗi gaskiya zai san yadda zai warware cikin, Gwaggo kuma ta dawo da aikinta. Amma da wane baki? In ce wa matata ni ne? In ce wa garin da nake ja wa salla wani lokaci na gauraya aya da ƙarya? Wa zai sake karɓar rubutu daga hannuna?

Shekaranjiya ya sake ɓata wandonsa a tsakar gida. Na kawar da kai yadda na saba. Sai ya jawo ƙafarsa har bakin zaure, ya tsaya nesa domin ya san ba na son ya matso, ya ce, "Baba, ka ba ni rubutun nan mai ɗaci. Ina sha, ba ni tofarwa. In na sha ba ka toshe hanci."

Jama'a, na yi shekara uku ina ƙyamar yaron nan. Tun shekaranjiyar nan na gane ba daga wandonsa warin gidana yake fitowa ba. Na yi wanka, na yi alwala, bai tafi ba. Saura kwanaki a ɗora masa ƙarfe saboda laifina. Don Allah, me zan yi?