Shekara Ashirin Ina Yi wa Yayana Tafinta

Anti, ki taimaka mini da shawara kafin bakina ya jawo mini da-na-sani.

Yayana shekararsa talatin da huɗu. An haife shi da wata larurar gado da ba kasafai ake ganinta ba, kawunmu ma da ita ya rayu. Likita ya ce ita ta rage masa fahimta, ta ɗaure masa harshe. Kalmominsa ba su kai sittin ba, kuma nasa ne shi kaɗai. In ya daki ƙofa sau biyu, a kashe rediyo ke nan. In ya kama kunne yana gurnani, cikinsa ke ciwo. Ni kaɗai nake ganewa, don tare muka yi wasan ƙasa.

Mu bakwai Mama ta haifa. Akwai injiniya, akwai lauya mai jin harsuna uku, amma kalmomin da ba su kai sittin ba sun gagare su. Da Yaya ya buɗe baki sai a ƙwala mini kira, ko ina banɗaki. Mama ma ni take kallo in yana magana.

Yanzu na samu aikin koyarwa a wata jami'a mai nisa, wata ɗaya aka ba ni in amsa. Nan take kowa ya tuna da zumunci, wai kada in tafi in bar Yaya. Lauyan har wa'azi ya yi mini, ta waya, don bai samu sukunin zuwa ba. Ina son Yaya, amma na fara jin haushin muryarsa, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. In tafi?

Tafintar Gida

AMSA

'Yar'uwa, karɓi aikinki. Amma ke ma da naki: kin saba amsawa kafin kowa ya yi ƙoƙari, sai suka miƙe ƙafa. Tsoronsu kuma ba ƙarya ba ne. In aka kasa gane ciwonsa, shi zai ji jiki.

Don haka kada watan nan ya tafi a gardama. Rubuta kalmominsa da alamunsa, ki naɗi muryarsa a waya, ki tura wa kowa. Daga gobe in yana magana ki kame bakinki, Mama ta gwada, ko da za ta kuskure sau goma. Ku nemi ƙwararre kan matsalar magana ya haɗa masa allon hotunan da zai riƙa nuna abin da yake so a kai. Ki shaida wa Yaya tafiyar da kanki tun yanzu, ba ranar ɗaukar jaka ba.

Haushin nan gajiya ce, ba ƙiyayya ba. Kuma ko kin zauna, ke ma mutum ce, kina iya kwanciya ciwo. Bai kamata a ce mutum ɗaya ke jin sa a duniya ba.

Allah ya sa ki shiga aiki a sa'a, ya ƙara wa Yaya masu sauraro.