Bindiga Mai Maɓalli

Asabar, 5 ga Oktoba, 1996

Lorna 'yata ta bugo waya da safe. 'Yan sansaninmu na farauta sun zauna, ba su kira ni ba, sun yanke cewa bindigar mahaifina ba za ta ƙara hawa dutsen nan ba. In ina son farautar barewa bana, in nemo wata. Kuma 'yata suka aiko, tunda babu mai iya kallon idona ya faɗa. Shekara arba'in da ɗaya ina cikinsu. Ni na ɗora rufin bukkar da suka zauna a ciki suka yanke min hukunci.

Bari in rubuta abin da ya faru bara sau ɗaya, in huta. Safiyar buɗe farauta muna tsaye gefen a-kori-kurata. Na ɗura harsasai, na sauke hannun ƙarfen ƙasa na ɗaga, gudumar baya ta ɗanu. Abin da ke biye kowa ya san shi: ka danne gudumar da babban yatsa, ka ja kunama, ka sauke ta a hankali ta zauna a rabin hanya, sannan ka shiga daji. Tun ina shekara goma sha biyu nake yin haka. Sai ƙara. Harsashin ya huda ƙofar mota, tsakaninsa da gwiwar Lorna bai fi faɗin tafin hannu ba.

Na ce bindigar ce, haƙorinta na ciki mai riƙe gudumar ya cinye. Haka na faɗa a wurin, haka na faɗa a coci, haka na faɗa wa Verna matata.

Talata, 8 ga Oktoba

Ramin yana nan a ƙofar motar. Na liƙe shi da salatif, ruwan sama ya ɗaye.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na je shagon abokina Elwood Stroup, mai sayar da bindigogi. Sabuwa ba zan saya ba, ta hannu nake so, wadda aka ƙera lokacin da ake jin kunyar aiki.

Yana ganina ya ce, "A'a, Orval! Ashe da sauranka? Na ɗauka Verna ta gama da kai da miyarta mara gishiri."

Na ce, "Kai kuma har yanzu tsatsa kake sayar wa bayin Allah?"

Uku ya ajiye min a kan kanta, duk irin tawa masu hannun ƙasa. Ta farko na buɗe cikinta, na sa farar takarda ta haska bututun, na leƙa ta baki: duk ramuka, mai ita bai taɓa wanke ta ba. Ta biyu ƙotar ta tsage a wuya an shafe da fenti, kawunan sukurorin duk a tauye, wani gwanin banza ya shiga cikinta da wuƙar kicin. Ta uku kuwa, kai! Ƙirar shekarun hamsin, baƙin ƙarfen ya koɗe daidai inda hannu ke riƙewa, hannun ƙasa yana rufewa ƙam ba girgiɗi. Na kai ta kafaɗa ta zauna kamar ta san ni.

Elwood ya janye ta, ya miƙo min ta huɗu. Ƙirar baya-bayan nan, mai ɗan maɓalli a gefe, wanda in ka danna shi ko guduma ta faɗi ba ta kaiwa ga harsashi. Maɓallin lauyoyi, wanda kamfani ya sa don tsoron a kai shi kotu. Shekara goma sha uku ina yi wa masu irinta dariya, 'yan birni masu zuwa daji da turare a jiki. Na ce masa ya ajiye wa surukinsa.

Bai yi dariya ba. Ya ce in kawo masa ta Baba ya duba haƙorin nan tukuna. Me zai duba? Amma na ce to.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Verna ce ta ɓalla min maɓallin hannun riga kafin mu tafi coci. Rigar ce ramukanta suka matse a wanki.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Elwood ya jira wani mai sayen harsasai ya fita, ya juya allon ƙofa zuwa gefen "an rufe", sannan ya fito da ta Baba a tsumma.

"Na warware ta kaf, mutumina. Haƙorin nan lafiyarsa ƙalau. Na ɗana ta na buga gindinta a ƙasa, na dake ta da gudumar roba, ba ta motsa ba. Sai ta binne ni da kai."

Na ce ashe idonsa ya mutu. Ya ce ya yarda, idon ya tsufa. Sai ya miƙo min ita ba harsashi, wai in sauke gudumar sau goma a gabansa, in na yi ya ba ni ta ukun nan in tafi.

Ni zai yi wa jarrabawa? Ni da na koya masa feɗe barewa yana amai a bayan itace? Na faɗa masa maganganu, wasu ba zan rubuta ba. Ya tsaya yana share kanta har na gama.

"Ba wanda zai ji daga bakina, Orval. Amma mara maɓalli ba za ta fita shagon nan a hannunka ba. Ka yi fushi da ni, na ɗauka."

Na ɗauko bindigata na fito. Ƙofar ma sai da ta ƙi buɗuwa.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Bayan karin kumallo Verna ta tafi kasuwa, na shiga garejin na kulle. Na duba cikin bindigar Baba sau uku, babu harsashi. Sau ashirin na sauke gudumar.

Uku sun kuɓuce. Abin da ya fi tayar min da hankali, ban ji lokacin da suka kuɓuce ba. Sai dai in ji ƙas, in duba, in ga yatsan yana sama yana danne iska.

Garejin da sanyi.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na ɗauki allura a kwandon ɗinkin Verna na soka a tsokar yatsan. Jini ya fito. Na tsaya ina kallonsa kamar na wani.

Shekara talatin da takwas a gidan yanka katako, na fito da yatsu goma cif, har alfahari nake yi da su a gaban su Stosh Wojcik mai takwas da rabi. Yanzu ga guda a jikina, da farce da komai, ya tafi bai yi sallama ba. Yaushe ya fara? Bara ne? Ko tun kafin bara?

Tsoro nake ji. Na rubuta, shi ke nan.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na ga talla a jarida, wani mutum can bayan garin Coudersport yana sayar da bindigar ƙaninsa da ya rasu. Tafiyar awa ɗaya da rabi, ga dusar ƙanƙara ta fara. Bai san ni ba, bai san Elwood ba. Ƙirar da, babu maɓalli. Bututu fes, ƙota ba tsaga, an riƙe ta da mutunci.

Ya ce in gwada gudumar mana. Na ce ba sai na gwada ba, da ido na san lafiyayya.

Na saya. A hanyar dawowa ina ta gaya wa kaina dabaru: in cire safar hannu, in riƙa sa yatsan a hammata ya ɗumama, in juya bakinta ƙasa nesa da kowa. Ai bara ma ƙasa na nufa da ita, ko kusa da ƙasa.

Verna ta kalle ta, ta kalle ni. Ta ce, "Wannan da waccan mene ne bambancinsu, tsoho?" Na ce mata ba ta san bindiga ba. Ta ce gaskiya ne, mutum kawai ta sani. Ta koma kan tukunyarta.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Lorna ta zo cin abincin rana bayan ta tashi daga aiki a asibiti. Shekara arba'in da biyu, amma har yanzu sai ta leƙa tukunya ta saci dankali da hannu. Na fito mata da bindigar. Ta juya ta gefe da gefe, tana neman wani abu a jikin ƙarfen, ta daɗe.

"Elwood ya gani, Baba?"

Na ce ya gani.

Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko sauƙin fita, abin da ya dame ni ke nan. Ta ajiye bindigar. Can ta ce to, ranar Litinin ta buɗe farauta tana gefena na hagu kamar kullum, kada in bar Stosh ya ƙwace mata wuri. Ta sumbaci kaina ta tafi.

Ban iya cin abincin yamma ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Gareji, da sabuwar. Sau ashirin, biyu. Na ɗumama hannun a ruwan zafi na sake. Sau ashirin, biyu.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Ranar Godiya, bikin shekara da iyali ke taruwa. Talo-talo ya yi kyau, kowa ya ci ya ƙoshi. Da aka zo addu'a muka riƙe hannun juna a tebur kamar yadda muka saba, Lorna tana damana. Na ga hannunta a kan yatsan, na ga tana matsawa. Ban ji komai ba. Verna tana gode wa Allah da ya tara mu cikakku, ni kuwa idona yana kan gwiwar 'yata a ƙarƙashin tebur.

In na faɗa, me ya rage? Mutumin da ya kusa gurgunta 'yarsa, ya ɗora wa bindigar ubansa laifi, ya shekara yana rantsuwa. In ban faɗa ba, saura kwana huɗu.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Shagon Elwood cike da 'yan birni masu sayen hula ruwan lemo. Na jira a layi kamar baƙo. Da na iso na ajiye ta Coudersport a kan kanta, na ce, "Ba ni ta surukin naka."

Elwood ya ɗauke ta daga kan kanta. Ya shiga ciki ya fito da mai maɓallin, an riga an wanke ta an shafa mai, da takarda ɗaure a kunama da sunana a jiki. Tun yaushe? Ban tambaya ba. Ya ce tana harbi ɗan hagu kaɗan, in gyara. Na ce duk abin da ya fito shagonsa a karkace yake. Ya ce har da abokansa.

Muni gare ta. Maɓallin nan kamar ƙurji a kumatu.

Litinin, 2 ga Disamba

Sansani. Ƙanƙara har idon sawu.

Da safe a gefen mota na zaro ta daga jaka. Stosh ya haska da tocila ya fashe da dariya: "Jama'a ku zo ku gani! Orval Kitzmiller da maɓallin lauyoyi! Ina turaren?" Suka yi ta yi. Na bar su. Na danna maɓallin, na ɗura, na sauke guduma. Ta kuɓuce. Ƙas. Ba abin da ya tashi. Suna can suna dariya ba wanda ya ji, sai Lorna da ke haguna.

Muka hau dutsen mu biyu. Sai da muka kai gindin itacen da muke tsayawa na ce mata bindigar kakanta lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa yin laifi ba. Ban kalle ta ba.

"Na sani, Baba. Hannunka nake kallo lokacin. Ni na ce wa 'yan sansani su hana ta, na ɗauka za ka sayi irin wannan."

Shekara guda tana jina ina rantsuwa a gaban mutane.

Na ce, to da na zo da ta Coudersport fa? Ta gyara hularta, idonta yana kan kwarin da barewa ke ɓullowa.

"Da na tsaya a hagunka. Wa zan bari ya tsaya a wurin?"

Ban ga barewa ba yau. Wai namiji guda ya wuce ta ƙasanmu, mai rassan ƙaho shida, ita ta gani ba ta ɗaga bindiga ba. Idona ne yake ta ruwa, iskar dutsen nan ba ta da kirki.

Da yamma a gefen mota na miƙa mata bindigar ta cire min harsasan, a gaban kowa. Stosh ya buɗe baki, na ce masa yatsana ne ya mutu, tun bara, in yana da magana ya faɗa. Ya rufe bakinsa. Can ya miƙo min kofin shayinsa.

Gobe ma ita za ta ɗura min. Ta fi ni sauri ne kawai.