Bayan An Cire Yanar

Litinin, 3 ga Maris
Da manyan baƙaƙe nake rubutun nan, hancina na gogar takarda. Likita ta ce yanar ido ce ta rufe na dama, na hagun ma ya kama hanya. "Baba, aikin minti ashirin ne fa." Ni da na shekara arba'in ina gyaran agogo, yau sai na tambayi mai wucewa ƙarfe nawa.

Alhamis, 6 ga Maris
Auta ta kira. Ba a ba ta hutu ba, mota za ta turo min. Na ce ba komai. To me zan ce?

Talata, 11 ga Maris
An yi. Ba zafi, haske ne kawai da ruwa mai sanyi. Kowa a layi da mai riƙe masa takalmi. Nawa ƙarƙashin benci na tura.

Laraba, 12 ga Maris
An cire bandeji. Ikon Allah! Ashe bangon falo shuɗi ne har yanzu, ni na ɗauka ya koɗe. A madubi wani tsoho ya zuba min ido, gemu a karkace. Ba wanda ya gaya min.

Asabar, 15 ga Maris
Maganin ɗigawa sau huɗu a rana. Rabinsa a kumatu yake ƙarewa.
Na ɗauko hoton marigayiya matata. Shekara ukunmu na ƙarshe inuwa kawai nake gani tana kai da kawowa a ɗaki, muryarta nake bi. Ta sha cewa, "Malam, ka je a duba idon nan mana." Ni kuwa tsoron wuƙa. Da na ji maganarta, da na ga fuskarta kafin ta tafi.
An hana ni murza idon. Na bar hawayen suka sauka da kansu.

Lahadi, 23 ga Maris
Gidan ya ƙara girma tunda nake ganinsa. A da hazon ne ke cike min gurbin mutane.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Mai wanki na ƙasan bene ya tare ni. "Baba, ashe kana amsa gaisuwa! Mun ɗauka fushi kake da mu." Wai shekara biyu yana ɗaga min hannu. Ya ce in sauko da yamma, suna zama bakin shagonsa. Na ce ina da abin yi.
Na sauka. Hirar duk ta ƙwallo ce, ba kai ba gindi. Ba lallai in koma ba.
Kujerata dai na baro a can. Hawa bene da ita wahala ne.