Mazurarin Shaima

Kassel, Jamus
3 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Ulfa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Munsif da yara. Allah ya ƙara wa Mama sauƙi, ya sa gwiwar nan ta bar ta ta riƙa hawa soro tana shanya barkononta kamar da. Mu nan lafiya lau. Maigidana Lutfi yana ta fama da aikin masana'anta, har tumbi ya fara ajiyewa. Ya koyi cin burodi da cuku da yamma ya ce ya ci abincin dare, ni kuwa tukunyar kuskus ɗina ba ta san hutu ba. 'Yarmu Shaima ta shiga aji ɗaya ranar Talata, kuma a kan haka ne na zauna rubuta miki. In na kira ki a waya Mama za ta ƙwace ta ce a ba ta jikarta, maganar kuwa ba ta kunnen Mama ba ce.

Ki yi mini dariya in kin ga dama: kishi nake yi. Kuma da wata tsohuwa 'yar shekara saba'in da huɗu, mai furfura da sandar dogarawa. Sunanta Frau Lindner, a hawan ƙasa na gidanmu take, mijinta ya rasu, ɗanta guda yana Kanada. Ita ce ta fara ƙwanƙwasa mana ƙofa a makonmu na biyu, wai na kunna injin shara ranar Lahadi, ranar da ko tari mutum zai yi sai ya sassauta. Na ce bari in kashe wutar rigimar, na kai mata faranti cike da makrud, cincin ɗinmu mai dabino. Bayan awa ɗaya ta dawo mini da farantina a wanke tas, babu ko ƙwayar dabino ta tukwici a ciki. Na ce wa Lutfi wannan mata ba a koya mata zaman maƙwabtaka ba. Ashe ina nan ina ƙorafin faranti, ita 'yata za ta ɗauke.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Shaima ta ga kyanwar matar a bakin taga, gobe ta sauka ta shafa ta, jibi ta dawo da gutsuren kek a hannu. Kafin bazara ta ƙare ta daina cewa Frau Lindner, sai Oma, wato kaka. Oma ta ce a cire takalmi a nan. Oma ta ce karas yana gyara ido. Shekara shida ina bin yarinyar nan da cokali ta ci karas tana tofar mini, tsohuwa ta faɗa sau ɗaya ya zama doka! Jamusanci kuma ya zauna a bakinta kamar da shi aka haife ta, ni kuwa wata takwas ina zuwa aji, har yau in mai kanti ya yi mini tambaya sai in ɗaga kai in yi murmushi ban san abin da na amsa ba.

Da ranar shiga makaranta ta matso, na ce a nan dai ba wanda zai sha gabana. Na yi shiri irin namu na can gida Sfax. Na goge rigar makaranta ruwan hoda da kika aiko, duk da Lutfi ya ce a nan yara ba sa saka ta, na ce tawa za ta saka. Kwana biyu ina tsaye a kan baklawa, alkakinmu mai gyaɗa, na jera faranti babba don a raba wa 'yan aji da malamai, kamar yadda Mama ta yi mana. Tun watan Yuli ina ganin wasu manyan ƙunsuna na kwali a kantuna, masu tsini kamar mazurari, na ɗauka kayan adon bikinsu ne, ban ko tambaya ba. Ashe kowane yaro a ƙasar nan da irinsa yake zuwa ranar farko, cike da alewa da fensura da kayan wasa, kuma uwa ce ke yi wa ɗanta, wasu da hannunsu. Abu ne da kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin faɗa mini.

Da safe mun sauko, ina rungume da farantina, sai ga tsohuwa a bakin ƙofarta ta ci kwalliya, riƙe da mazurari ja da ya kusa kai tsawon Shaima, an liƙa masa kyanwa da taurari, an rubuta sunanta da zare. Yarinyar ta saki hannuna ta ruga. Wai mako uku suna yin sa tare, ita ta yanka taurarin, Oma ta ɗinka bakin. Mako uku, Yaya, a ƙarƙashin ƙafata, ina sama ina dakan gyaɗa! Lutfi sai washe baki yake yana godiya, ya ce lallai ta zo mu tafi tare. Ni ma na yi godiya, amma Allah ya san daga leɓe ta fito.

A makaranta kuwa yara sun cika fili, kowa da nasa mazurari, kuma tawa kaɗai ke da rigar ruwan hoda. Na miƙa wa malamar farantina, ta yi murmushi ta ce ya yi kyau ƙwarai, amma ba za a raba ba, don akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa. Haka na tsaya da shi a hannu har aka gama waƙe-waƙe. Da aka zo ɗaukar hoto Shaima ta jawo tsohuwar kusa da ita, don ita ce ke taya ta riƙe gindin mazurarin. Hoton yana cikin ambulan ɗin nan. Waccan da ke gefe, rabin fuskarta a waje, mai rungume da faranti kamar 'yar talla, ƙanwarki ce.

Da muka dawo na ce wa Lutfi daga yau an daina sauka ƙasa. Ya ce haba Najla, mace ta rufa mana asiri ki saka mata da wannan? Da ba ta yi ba, da 'yarmu kaɗai za ta tsaya hannu rabbana a gaban yara. Na ce ai abin da ke ci na ke nan, ta yi gaskiya kuma ta riga ni. Ya ce to ki yi yadda kika ga dama, ya ɗauki baklawa biyu ya shige ɗaki. Na kira Shaima kicin don in kafa mata dokar, amma sai na fara da tambayarta me ya sa ba ta gaya mini zancen mazurari ba, ni da na haife ta. Ta sunkuyar da kai tana wasa da maɓallin riga. Ta ce wai in ta gaya mini dole in je kanti in tambaya, mai kantin za ta yi magana da sauri, in dawo gida in shiga banɗaki in kunna famfo in yi kuka, kamar ranar da na je kantin magani. Ta ce ba ta so in sake yi, shi ya sa ta gaya wa Oma.

Yaya, ni a zatona famfon yana rufe muryata. Ban kafa dokar ba. Jiya da la'asar ni da kaina na buɗe mata ƙofa ta sauka da littafin karatunta, na tsaya a saman matakala ina jin tsohuwar tana gyara mata kalmomin da ni ban iya ba, suna dariya. Kishin bai tafi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Sai dai yanzu na san 'yar shekara shida ce take ɓoye mini abubuwa don tana jin tausayina, kuma wannan ya fi kishin ciwo.

Ki gaida Munsif, da Hadi da Rim, ki ce Shaima tana tambayarsu kullum. Ki gaida Kawu Salah da Inna Habiba. Ki sumbaci hannun Mama, ki ce ta sa ni a addu'a Allah ya buɗe mini harshe. Ki rubuto mini da wuri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Najla