Ruwan Wankan Inna

Baban Ersa,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya aikin taliya da zafin Guangzhou? Yaya gwiwar? Mu alhamdu lillahi, sai dai Inna ta rage cin abinci, romo kawai take kurɓa.

Injin rijiya ne ya sa na rubuto. Da an buɗe famfo sai ya tashi ya mutu, ya tashi ya mutu. Na kira tsoho Mian makanike. Ya ƙwanƙwasa tankin injin, ya ce iskar cikinsa ce ta tsere. Ya hura masa da famfon keke, allurar agogon awon iska ta hau, har yana tsokanata wai Malama, tankinki yanzu ya fi ni numfashi.

Na yi dariya don kara. Ka san wasiyyar mahaifiyarka: da ruwan rijiyar da marigayi Baba ya haƙa za a yi mata wankan ƙarshe, kuma da hannuna. Na ce mata to.

Taka,
Sa Yuelan

Baban Ersa,

Sallama da fatan alheri. Ashe ba tankin ba ne. Mian ya sake makunni, ya zaro bututu ya duba bawul, komai ƙalau. Sai ya ɗaura dutse a igiya ya zura. Laka ce kawai ta biyo shi. Ya ce tun da manyan gonaki suka yi burtsatse mai zurfi ruwan ke gudu ƙasa, kuma ba gyaran makanike ba ne. Bai yi wasa ba, ko shayin da na kawo masa bai taɓa ba.

Ɗan abin da ke tsatsowa nake kwasa da gwangwani, in bari ya kwanta, in tace. Na cika tulu ɗaya na rufe. Mu ruwan da motar tanka ke kawowa muke sha. Inna ba ta tambaya ba, ina addu'a kada ta tambaya, don ba zan iya yi mata ƙarya ba.

Taka,
Sa Yuelan

Baban Ersa,

Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Rijiya ta ƙafe ƙaf.

Inna ta ture shayin ruwan tanka, ta ce ƙarfe yake wari, wai ko na fara yi mata rowar ruwan mijinta ne. Ko romon ma ta daina karɓa. Na buɗe tulun. Na dafa mata da jan dabino, ta shanye, ta ce yauwa, wannan ne ruwa. Shi kaɗai ke shiga cikinta yanzu.

Liman ya ce kowane ruwa mai tsarki ya wadatar wa gawa. Na sani, na karanta. Amma ba haka na yi mata alkawari ba.

Tulun ya sauka ƙasa da rabi. In na ɗaga hannu bayan salla sai in rasa abin roƙo: ta daɗe, ko ruwan ya isa wankanta. Allah ya yafe mini.

Ka taho gida.

Taka,
Sa Yuelan