Fasfona da Zanena Suna Kulle a Bironka

Zuwa ga Mai Girma Darakta, shugaban biro, wato ofishin da ke kula da tafiyar masu fasaha a jiharmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Sanusi mai zane, na Sabon Gari, Maraɗi. Na zaɓi in rubuto a bainar jama'a ne don na gaji da zaman bencin ƙofarka.

Ka san an gayyace ni wani zaman aiki a ƙasar waje, inda masu zane daga ƙasashe daban-daban za su zauna gida ɗaya, su yi aiki tare, a ƙarshe su baje kolinsa. Abin da ya sa suka zaɓe ni shi ne zanen matan Jiratawa masu aikin lambu, wanda na yi da jar ƙasa da baƙin tukunya. Tsohon darakta ya karɓi fasfona don neman biza, ya ajiye zanen a magazan, wato ɗakin ajiyar biro. Sai mulki ya juya, aka ɗauke shi, ka zo.

Na farko, sakatarenka ya ce mini an tsayar da tafiyata don an ga hannuna a allon kamfen na jam'iyyar da ta faɗi. Gaskiya ne, ni na zana. Amma tun da aka buɗe siyasa babu jam'iyyar da ban yi wa allo ba, har wadda ke sama yau. Fenti sana'ata ce, Mai Girma. Mai ɗinkin da ya ɗinka musu tuta ma za a hana shi fita?

Na biyu, zaman ya riga ya fara. Wata mai sassaƙa da ke cikinsu ta bugo mini waya, ta ce sun bar mini bango guda babu wanda ya taɓa shi, kullum suna tambayar yaushe zan iso. Ban san me zan ce mata ba, don ba ka ce a'a ba, ba ka kuma ce to ba.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Na bar wa wani rumfata bisa cewa zan yi tafiya. Mahaifiyata a Tsibiri ta tara dangi, aka yi mini addu'ar ban kwana. Yanzu in na je gaishe ta, ta bayan gari nake shiga, kada a tambaye ni ko har na dawo. Ga damina ta sauka, rufin magazan ɗinku na yoyo. Na leƙa ta taga na ga ruwa ya fara wanke fuskar ɗaya daga cikin matan, an kuma ce makulli na wurinka.

Roƙona: ka ba ni fasfona in riski abin da ya rage na zaman. In ba zai yiwu ba, ka buɗe magazan in kwashe zanena, ka kuma faɗi laifina a fili, yadda na faɗi sunana a fili.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka bar kujerar nan babu hakkin kowa a wuyanka.

Wassalam.

Sanusi mai zane,
Sabon Gari, Maraɗi.